Turakun Gadar Inna Kande

Ku ci wainar nan tukuna kada ta huce, maganar ba inda za ta. Na ji abin da kuke faɗa tun daga bakin ƙofa, wai aikinmu na da ba wani abu ba ne, a sayo gari mai haske, a zuba a fenti, a shafa, shi ke nan. Wanda ya faɗa ɗin, mai gyaran waya, shi ne kuma ya zauna nan kwanaki yana gaya mini cewa gilashin wayar yanzu ma abin da ke ba da hasken ɗan mitsitsi ne, sai an zuba shi cikin wani abu da zai riƙe shi, wai masana na can suna ta fama da neman abin riƙon da ya dace. Ban yi mamaki ba. Faman da muka yi ke nan a Suleja, sai dai su suna da na'urori, mu kwalin talabijin muke da shi.

Na shiga hannun Malam Isyaku mai alluna a farkon shekarun casa'in, lokacin da garin nan ya cika da baƙi masu yin aiki a Abuja su kwana a nan. Kowane ɗaki ya zama na haya, kowane zaure ya zama shago, kowane shago kuma yana son allo. Shagon Malam yana unguwar Magajiya, ɗaki ɗaya da rumfar kwano. Mutum ne dogo marar fara'a, matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun watse neman abinci. Yana da doka guda da kowa ya sani: aikin da ya fita daga shago, ba ya bin sa ya je ya gani. Ni nake ɗauka in kai in kafa. In na dawo ina cewa ya yi kyau a wurin, sai ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Rubutun allo da lambar gida da zanen bayan mota, kowa na yi. Abin da Malam kaɗai yake yi a iya sanina shi ne aikin garin haske. Gari ne kamar garin kuka da aka sirka da fulawa. In ya sha rana ko hasken fitila, ka kai shi duhu, sai ya riƙa fito da wani haske kore a hankali, har ya ƙare. A garin da ake ɗauke wuta fiye da yadda ake kawo ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani Emeka mai kayan fenti ne yake kawo mana shi daga kudu a ƙaramin gwangwani. Malam yana kiran garin baƙo, banis ɗin da ake kwaɓa shi a ciki kuma mai masauki. Yakan ce, "In aiki ya lalace kada ka tsaya duba garin. Duba inda ka sauke shi."

Gaskiyarsa ce. Ka zuba shi a fenti mai launi, fentin ya binne shi. Ka zuba shi a banis mai ja, hasken ba ya shiga balle ya fito. Banis ya yi ruwa, garin ya kwanta a gindin kwalba, ka shafa ruwa zalla. Ya yi kauri, buroshi ya ja shi layi-layi. Ba a niƙa shi, niƙa na kashe shi. Ba a juya shi da ƙarfe, sai da tsinken itace a cikin kwalba. Sannan babban maƙiyinsa laima ce. In banis bai rufe shi ruf ba, ruwa ya shiga, rana ta biyo baya, sai ya yi baƙi kamar toka, ba ya dawowa. Na yi fiye da shekara aikina tace banis da tsumma da shafa farin fentin ƙasa, ban taɓa ko murfin gwangwanin ba.

Aikin farko da aka bari na riƙe buroshi a kansa hannayen agogon wani masallaci ne, ladan yana son ya riƙa ganin lokaci ba sai ya kunna ashana ba. Da muka gama, da rana tsaka, dole a gwada masa. Nan kwalin yake shigowa. Babban kwalin talabijin ne, an yanke masa ƙofar shigar kai, an lulluɓe da tsohon bargo. A shanya aiki a rana, a sa a ciki, mai aiki ya durƙusa ya cusa kansa. Na ga alhazai sun tattare babbar riga sun durƙusa a gaban kwalin nan. Na ga ɗan sanda ya cire hula ya ba ni riƙo. Ladan ya daɗe a ciki har muka fara tunanin ko barci ya ɗauke shi, sai muka ji muryarsa daga ciki yana cewa, "Agogon yana latti."

Masu kawo aiki iri-iri ne. Wani ya dawo da allonsa wai ba ya haske da rana. Wani ya kulle nasa a akwati mako guda don kada hasken ya ƙare, ya buɗe ya ga duhu, ya zo yana neman faɗa. Direbobi kuwa magana ɗaya suke da ita, a ƙara gari. Wani mai tifa ya tsaya a kanmu sai da aka ninka masa, Malam bai yi musu ba. Banis ya kasa riƙewa, kafin motar ta yi sawu biyu na yashi rubutun ya zube kamar bangon da aka yi da ƙarancin siminti. Ya dawo, Malam ya ce, "Ɗaki ɗaya ka ba mutum goma, ai wasu a waje za su kwana."

Aikin da nake so ku ji na Inna Kande ne, mai koko da ƙosai a bakin tasha. Gajeriya ce, ta manyanta, mijinta ya rasu, bakinta kuwa ko direbobi suna shakkarsa. Gidanta yana can ta Kurmin Sarki, tsakaninsa da hanyar tasha akwai wani kwazazzabo mai zurfi da aka ɗora wa katakai, babu abin dafawa. Tun kafin asuba take tsallakawa, tukunyar koko mai zafi a ka, hannu ɗaya na riƙe da ita, ɗaya na riƙe da bokitin ƙullu. Babu hannun riƙe fitila. In ta bi ta titi ta zagayo, kafin ta iso motocin Abuja sun tashi da masu shan kokon. Abin da take ci ke nan, ba ta da wani.

Ta shigo shago ba ta zauna ba, ta ce, "Malam Isyaku, an ce kana sa itace ya yi haske. Ina son in riƙa ganin inda katakon nan ya fara da inda ya ƙare. Idona ba kamar da ba."

Malam ya ce, "Hasken ba ya kai asuba, Kande. Abin da ya sha da rana, kafin tsakar dare ya amayar."

Ta ce, "To meye amfaninka?"

Ya ci gaba da goge buroshi. Can ya ce in akwai mai haska shi da tocila daf da wucewarta, zai riƙe har ta tsallaka ta kuma yi nisa. Ta ce ma'aikatan Abuja suna rigan ta wucewa, kuma duk da tocila, ta san yadda za ta yi da su.

Muka yi turaku na itace mai ƙarfi, na bakin gada nan da can, da wasu gajeru da za a kafa a gefen katakon. Farin fenti, sannan gari cikin banis, sannan banis zalla a kai. Na kai na kafa. Yadda ta yi da ma'aikatan kuwa shi ne, duk wanda ya zo shan koko sai ta tambaye shi, "Ka ba turaku abinci?" In ya ce a'a, ludayinsa ba ya cika. Ba a daɗe ba abin ya zama al'adar wurin. Mutum zai zo da sauri, takalmi a goge, fayil a hammata, ya tsaya ya manna tocila a jikin turke, ya matsa na gaba, ya wuce. Har waɗanda ba su taɓa shan kokonta ba suna yi, don sun ga ana yi. Na ji wani Bayarabe yana ce wa sabon maƙwabcinsa, "Oga, sai ka yi cajin shi fes kafin ka wuce, haka ne dokar nan." Wanda ba shi da tocila ya bi bayan mai ita ya mori hasken. Aikin ya yi damina biyu lafiya.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Ku da ba ku gani ba, layin motoci ne tun daga gidan mai har inda ido ya ƙare, direbobi suna kwana suna wuni a ciki. Kaya suka daina zuwa daga kudu. Banis ɗin da ake samu gwangwaninsa irin na da ne, amma abin da ke ciki Allah kaɗai ya san wanda ya sirka shi da abin da ya zuba. A farkon daminar nan ruwa ya tafi da katakan gadar da turakun gaba ɗaya. Mutanen unguwa suka sa sababbin katakai, mu kuma muka yi sababbin turaku da banis ɗin da ke akwai. A cikin kwali sun yi haske ba laifi. Na kafa su. Ruwa ya dake su, rana ta dake su, banis ya yi fari ya tsattsage, garin ya yi baƙi. Ana manna tocila ba abin da ke fitowa.

Wata safiya Inna Kande ta shigo shago tana ɗingishi, hannunta na dama a naɗe da tsumma. Ta ɗora tukunyar kokonta a kan teburin Malam, ta lotse ta gefe guda. Ƙafarta ce ta zame a bakin katako, ta faɗi zaune a kan gadar, tukunyar ta tafi ƙasa, kokon ya bi ta hannunta. Da ta ƙara taku ɗaya, ita ce za ta bi tukunyar.

Ta ce, "Ban zo faɗa ba. Na zo ka ga aikinka, tunda an ce ba ka zuwa gani."

Malam ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya ce da ni, "Sabi'u, je ka tumɓuko su."

Na tsorata ranar, don ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Garin da ya yi baƙi ya mutu, ba a ceto shi. Muka leƙa gwangwani, abin da ya rage bai wuce na aiki ɗaya ba. Na ruga wurin Emeka, ya buɗe hannuwa ya ce, "Abeg, gaya wa Malam kasuwa ya lalace. Wancan shi ne las, babu saura, mota ba ya zuwa." Ga kuma wani mai manyan motoci da ya riga ya yi magana a kan ragowar garin, yana so a rubuta masa sunan ɗansa a goshin sabuwar mota. Malam ya aika masa cewa garin yana da mai shi. Mutumin ya ɗauke duk aikinsa daga wurinmu, a shekarar da aiki ya fi nama wuya.

Saura masauki. Malam ya ƙi sake taɓa banis ɗin gwangwani. Bayan kwana biyu ya ce in shirya za mu Lambata ranar kasuwa. A bayan motar doya muka tafi, don ita kaɗai muka samu. Can ya wuce masu doya da masu gyaɗa, ya tsaya wurin matan Gbagyi masu sayar da itatuwan magani da ƙaro. Ƙaron maje yake nema, wanda ake turare da shi. Ya ce mini mahaifiyarsa tana turara ɗaki da shi, wata rana ya narke ya ɗiga a kan ƙwarya, wurin ya yi ƙyalli kamar gilashi, har ƙwaryar ta fashe ruwa bai taɓa kama wurin ba. Ya zauna a ƙasa yana ɗaga ƙaron ɗaya bayan ɗaya yana kallon rana ta cikinsa. Mai ja ya ajiye, mai datti ya ajiye, sai wanda ido ke wucewa ta ciki. Matar ta gaji ta ce, "Baba, turare ne fa, ba zinari ba." Ya ce, "Na sani," ya ci gaba.

Da muka dawo na kankare ɓawon da ke jiki, na daka a turmin itace, muka jiƙa a ragowar tina mai kyau, ruwan sirka fenti, da Malam ya ɓoye, cikin kwalba, a rana. Ba a kai shi kusa da wuta, in ba so kake a yi jana'izar shago ba. Kullum a girgiza, a bari ya kwanta, a tace. Na farkon da muka shafa a falanki ya bushe da kyau amma yana tsagewa in ka danna da farce. Malam ya ɗiga masa man zurma kaɗan, ya yi laushi. Bai yarda ya zuba garin ba sai da ya gwada da ɗan abin da ya tsaya a bakin tsinke. Falankin ya kwana a bokitin ruwa, ya wuni a rana, ya shiga kwali, haka kullum har wajen mako biyu. Duk kwanakin nan Inna Kande tana zagayowa ta titi, tana isowa koko ya huce. Tana biyowa ta shago ta ce, "Har yanzu ana wanka?" Malam ya ce, "Ana wanka."

Ranar da ya cusa kansa a kwali ya fito ya ɗauko gwangwanin garin, na san ƙaron ya yi. Muka juye gwangwanin kaf, har Malam ya ɗauraye shi da tina ya zuba a kwalbar. Shi ya shafa da hannunsa, shafi uku, ya rufe da ƙaron zalla. Na kai na kafa. Ruwa ya yi ta zuba a kansu, ba abin da ya same su. Hasken ma ya fi na da tsabta, don ƙaron ya fi banis ɗin kanti haske.

Sai dai wahalar mai ta ƙara tsanani. Motocin Abuja suka kusa daina tashi da asuba. Ma'aikata wasu suna kwana a ofis, wasu ba sa fita sai rana ta ɗaga. Masu shan koko ba su ƙare ba, don direbobin da ke kwana a layin mai sun fi kowa yunwa, amma masu ba turaku abinci sun ƙare. Na yi ta tunanin yadda Inna Kande take tsallakawa. Na tambaye ta, ta ce turakun ba su taɓa haske irin na yanzu ba, ta ƙara mini ƙosai, ta ce in tafi in ba mutane wuri.

A shago kuma na fara ganin batir a shanye a kan kwanon rumfa, yadda ake yi in ya yi sanyi ana son ya farfaɗo. Na ga jar laka a takalmin Malam, irin wadda babu ita a Magajiya. Wata asuba na bi ta wurin gadar kafin in je masallaci. Ga mutum dogo a sunkuye, yana manna tocila a turke, yana jira, yana matsawa na gaba. Da ya gama ya koma gefe ya kashe tocilar ya tsaya. Can sai ga Inna Kande, tukunya a ka, bokiti a hannu, ta bi tsakanin koren hasken ta tsallako. Ta wuce ta gabansa ta ce, "Na tsakiyar bai ƙoshi ba." Ya ce, "Gobe."

Ya juyo ya gan ni. Na gaishe shi. Ya ce, "Ƙaron na zo dubawa."

Na ce, "Ya yake, Malam?"

Ya ce, "Sai an ci gaba da dubawa."

Haka ya ci gaba da dubawa har damina ta wuce, mai ya samu, ma'aikata suka dawo da tocilolinsu, bai fasa ba. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren Malam da Inna Kande, ba taro, goro da dabino kawai. Inna Kande ta tare a Magajiya, wannan gefen kwazazzabon, daga ƙofar gida zuwa tasha hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Garin ƙarshe da ke Suleja, wanda muka rasa babban mai kawo mana aiki saboda shi, muka je har Lambata a kan doya, ya ƙare a gadar da mai ita ba ta sake takawa ba. Na ji haushi, kuma na ji daɗi, ban faɗa wa kowa ko ɗaya ba.

Washegarin tarewa na zo shago, Malam ya miƙo mini tocilar da batir biyu da suka sha rana. Ya ce ranar Asabar da Lahadi ma'aikata ba sa fita, kuma akwai wata mai waina da ke tsallakawa da kasko da ƙullu, ita ma ba ta da hannun riƙe fitila.

Na ce, "Malam, ni zan riƙa zuwa?"

Ya ce, "Ƙaron za ka riƙa dubawa."

Na duba shi sosai. Gadar siminti ce a wurin yanzu, turakun an daɗe da yin wuta da su. In kun gama ci ku miƙa kwanon cikin gida, mai wainar gadar tana ciki, ku ce mata wainar ta yi, don in ba ku faɗa ba ni za ta tambaya.